Na'urar da ake hurawa ta gano ciwon dajin huhu: amsa ga 'yar'uwa daga Aboabo

Wata 'yar'uwa daga Aboabo, nan Kumasi, ta aiko da wannan tambaya: "Dokta, mahaifina shekarunsa 63, fita ne, wato makanike, a Suame Magazine, unguwar masu gyaran mota. Ya sha sigari kusan shekara talatin, fakiti guda a rana, ya bari shekara shida da suka wuce bayan ya dawo daga Hajji. Yau wata biyu yana tari, ya rame, kuma ya ƙi asibiti. Yayana ya turo mini bidiyo a WhatsApp na wata na'ura da ake hurawa ta nuna ko mutum na da kansar huhu tun ba ta yi nisa ba. Gaskiya ne? Akwai ta a Ghana? In akwai, na san Baba zai yarda ya hura, tunda babu allura."

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ce.

Bidiyon da yayanki ya turo ba ƙarya ce tsagwaronta ba, ana wannan bincike da gaske, kuma an daɗe ana yi. Sai dai har yau babu wata na'urar hurawa da likitocin ƙirji ke dogara da ita su ce wa mutum kana da kansar huhu ko ba ka da ita. Ba za ki same ta a matsayin gwajin asibiti ba a Komfo Anokye, wato Jii, ba kuma a Korle Bu ba. Kada ki ɗauka talaucinmu ne ya jawo. Ko a Ingila da Amurka inda aka same ta, cikin ɗakin bincike take, ana gwada ta a kan masu sa kai, ba a yanke wa majinyaci hukunci da ita. Abu na biyu, wanda ya fi damuna a wasiƙarki: ko da na'urar ta wanzu a ƙofar gidanku, ba ita Baba ke buƙata ba. Zan zo kansa.

Tunanin da ke bayan gwajin ba sabo ba ne, ke ma kin san shi. Kin san warin bakin mai azumi idan la'asar ta yi. Jiki ne ya koma ƙona kitse, wani sinadari mai suna asiton ya ƙaru cikin jini, ya biyo huhu ya fito. Mai ciwon suga da sugansa ya hau ƙwarai, numfashinsa kan yi ƙamshi kamar 'ya'yan itacen da suka nuna suka fara lalacewa, kuma tsohuwar nas kan gane shi tun daga bakin gado kafin a ɗebi jini. Mai ciwon hanta da mai ciwon ƙoda kowa da irin warinsa. Dalili kuwa shi ne duk jinin jiki sai ya ratsa huhu, kuma tsakanin jini da iska a can ciki ɗan bango ne siriri ƙwarai, duk abin da ke iya tashi kamar tururi sai ya tsallaka. A 1971 masanin sinadarai Linus Pauling ya auna numfashin mutum da na'ura, ya sami sinadarai wajen 250 a ciki. Daga nan masana suka ce, tunda ƙwayoyin kansa suna ci suna ƙona abinci ba kamar lafiyayyun ƙwayoyi ba, ai dole hayaƙinsu ya bambanta.

Kuma akwai inda gwajin numfashi ya riga ya zauna daram. Na'urar da 'yan sanda ke sa direba ya hura don a gane ko ya sha giya, ita ce kowa ya sani. Ƙwayar cutar da ke kawo gyambon ciki ma ana gano ta da numfashi: a ba ka wani ruwa ka sha, ka jira kaɗan, ka hura. Ana auna kumburin hanyar iska na masu asma da numfashi. Abin lura shi ne duk waɗannan abu ɗaya tak suke nema, sananne. Kansar huhu ba ta da irin wannan abu guda da za a nuna a ce ga shi. Abin da ake farauta canji ne ɗan kaɗan a cikin sinadarai barkatai, wasunsu kashi ɗaya ne cikin biliyan na iskar da ka fitar, kamar a ce ki nemo ƙwayar gero guda mai wani launi cikin lodin mota.

An yi ƙoƙari, ba laifi. A 1999 wani likita a Amurka, Michael Phillips, ya auna numfashin mutum 108 da hoton ƙirjinsu ya nuna abin tuhuma. Sittin daga cikinsu aka tabbatar kansa ce, kuma ya nuna cewa haɗin sinadarai 22 na iya rarrabe su da sauran. A 2009 Farfesa Hossam Haick, Balaraben Nazarat da ke koyarwa a Haifa, ya fito da abin da ake kira hancin lantarki, wanda aka yi da ƙananan ɓurɓushin zinariya. Shi ba ya ƙirga sinadarai ɗaya bayan ɗaya, warin gaba ɗaya yake ɗauka, kwamfuta ta kwatanta shi da wanda aka koya mata. Har karnuka an sa. A Jamus a 2011 an horar da karnuka huɗu su sansana bututun da mutane suka hura, suka gane 71 cikin 100 na masu kansa, suka kuma wanke 372 cikin 400 na waɗanda ba su da ita. Na tuna lokacin da labarin ya fito muna dariya a ɗakin likitoci, wani ya ce to wa zai je ya gaya wa Alhajin Zango kare ne zai duba shi. Amma sakamakon ya nuna lallai akwai wani abu a cikin iskar.

To me ya hana abin isowa asibiti, shekara fiye da ashirin bayan aikin Phillips? Ganin Dala ba shiga birni ba ne.

Numfashi maroƙi ne, duk abin da ya gani sai ya faɗa. Abin da ka ci jiya da dare yana ciki: tafarnuwa, daddawa, albasa, yajin cicinga. Goro na ciki, turaren da ka shafa na ciki, maganin da kake sha na ciki, ƙwayoyin cutar da ke tsakanin haƙora su ma suna fitar da nasu. Iskar ɗakin da aka yi gwajin kanta tana shiga sakamako. Ki ɗauki Baba misali. Mutumin da ya wuni cikin fetur da gas da baƙin mai da fenti a Magazine, kafin na'ura ta ji warin wani ƙari mai girman ƙwayar gyaɗa a huhunsa, sai ta fara ratsa warin garejin gaba ɗaya. Sigari kuwa ita ce babbar mai ruɗa lissafi, domin yawancin masu kansar huhu mashaya ne ko tsofaffin mashaya. Sau da yawa sai a ga na'ura ta yi ƙoƙari, ashe mashayi ta koyi ganewa, ba mai kansa ba.

Sai yadda aka tsara yawancin binciken farko. A ɗebo marasa lafiya da ciwonsu ya riga ya yi nisa, a ɗebo lafiyayyun mutane, a ce na'ura ta rarrabe su. Wannan ai ko mai gadin asibiti zai rarrabe. Aikin da ake so ta yi shi ne ta shiga cikin dattawa dubu masu tari iri ɗaya, wani asma ce, wani tsohon tabon tibi ne, wato tarin fuka, wani sigari ce ta cinye masa huhu, ta tsamo 'yan ƙalilan da ƙari ya fara tsiro musu. Da aka fara gwada ta a irin wannan taron, ƙoƙarinta sai ya ragu. Ga shi kuma jerin sinadaran da wannan jami'a ta ce su ne alamar kansa ba su cika dacewa da na waccan jami'ar ba. Shi ya sa yanzu wasu masu bincike a Ingila suka canza dabara: maimakon jiran warin da ƙarin ke fitarwa da kansa, sai a ba mutum wani sinadari ta jijiya wanda ƙarin zai sarrafa, abin da ya sarrafa ya fito a numfashi a auna. Dabara ce mai kyau a ganina, amma ita ma tana matakin gwaji.

Bari in yi miki wani lissafi, misali ne kawai na ƙirƙira don ki ga inda gizo ke saƙa. A ce an kawo na'ura filin makaranta a Asawase, mutum dubu suka hura, goma daga cikinsu na da kansa ba su sani ba. A ce na'urar gwana ce, tana dacewa sau tara cikin goma. Za ta kama mutum tara, ta sallami ɗaya da cewa lafiyarsa lau, ya koma gida da ciwonsa da kwanciyar hankali. Cikin lafiyayyu 990 kuwa za ta yi wa wajen 99 ƙarya. Ke nan an tara mutum 108 an ce musu ana zargin kansa, alhali tara ne kawai ke da ita. Sauran 99 ɗin kowa sai ya nemo kuɗin hoto, wani a kai ga huda masa ƙirji, gidaje 99 ba barci. Wannan fa da na'ura mai kyau ke nan.

Abin da aka tabbatar yana rage mutuwa shi ne hoton CT na ƙirji mai ƙarancin haske, wato hoton kwamfuta da ke nuna cikin huhu dalla-dalla, sau ɗaya a shekara, ga waɗanda suka daɗe suna shan sigari. A Amurka an gwada shi a kan mutum fiye da 53,000, sakamakon ya fito a 2011: mutuwa daga kansar huhu ta ragu da kashi 20 cikin 100 idan aka kwatanta da waɗanda aka yi wa hoton ƙirji na yau da kullum. Wani babban bincike a Holan da Beljiyam ya fito a 2020 da raguwar kashi 24 cikin 100 a maza. Shi ya sa tun 2021 shawarar da ake bi a Amurka ita ce a riƙa yi wa mai shekara 50 zuwa 80 da ya sha abin da ya kai fakiti guda kullum na shekara 20, yana kan sha ko bai wuce shekara 15 da bari ba. Shi ma CT ɗin ba waliyyi ba ne. A wancan binciken na Amurka, fiye da kashi 90 cikin 100 na tabon da ya nuna ba kansa ba ne. A ƙasa irin tamu da tibi ta bar wa mutane da yawa tabo a huhu, wannan matsala ba ƙarama ba ce. Nan ne ma nake ganin gwajin numfashi zai fi amfani in Allah ya sa ya nuna wata rana: ya zama matankaɗi mai araha da zai tace wa ya kamata ya je CT, ba ya maye gurbinsa ba.

Yanzu ga batun Baba. Duk abin da na faɗa a sama, na hurawa da na CT ɗin shekara-shekara, an yi su ne domin mutumin da ba ya jin komai, yana cin tuwonsa yana zuwa aikinsa, ana neman ciwon da bai fito ba. Baba ya wuce nan. Tari wata biyu, rama, shekara 63, sigari shekara talatin: jikinsa ya riga ya yi magana, saura a gano me yake cewa. Ko da yau ya hura wata na'ura ta ce babu komai, ni ba zan sallame shi ba, kuma duk likitan da ya san aikinsa ba zai sallame shi ba.

Ban ce kansa ce ba, ki ji ni da kyau. A nan Ghana kansar huhu ba ta cikin waɗanda suka fi yawa, ta nono da ta hanta da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza suna gabanta, kuma mashaya sigari a ƙasar nan ba su da yawa in aka kwatanta da ƙasashe da dama. Dattijo mai tari da rama a Zango, abin da za a fara tuhuma tibi ne, kuma daidai ne a fara da shi. Zai iya zama lalacewar huhu ta sigari, ko ciwon zuciya, ko ma wani maganin hawan jini da ke sa busasshen tari. Amma wannan yawan tibi ɗin shi ne ramin da masu kansar huhu ke faɗawa a wurinmu, domin alamominsu kusan ɗaya ne: tari, rama, kasala, jini a majina.

Ba na manta wani direban babbar mota da aka kawo mini, mai jigila tsakanin Kumasi da Bawku. A wani ƙaramin asibiti an gwada majinarsa ba a ga tibi ba, amma aka dubi hoton ƙirji aka ce ai tibi ne, aka ɗora shi kan magani. Ya sha wata biyar ba fashi, matarsa ce ke ba shi da hannunta bayan asuba. Ta zo da katin shan maganin a cikin baƙar leda, kowace rana da alamar biro, tana nuna mini don kada in ce sakaci suka yi. Ta ce fitsarinsa ma ya yi ja kamar yadda aka gaya musu, ita a zatonta alamar magani na aiki ke nan, alhali launin ƙwayar ne kawai. Da na kama hannunsa sai na ga kan yatsunsa sun kumbura kamar kan tabarya, farcen ya lanƙwasa ya rufe su, muryarsa ta dushe, ga wani ƙullutu mai tauri a saman ƙashin wuyansa. Wata biyar ɗin nan da aka yi ana jiran maganin tibi ya yi aiki, su ne watannin da muke buƙata. Da aka ga wata biyu ya cika bai ƙara ko kilo ɗaya ba, a nan ya kamata a tsaya a sake tambaya.

Bambancin da lokaci ke kawowa babba ne. Idan aka kama kansar huhu tana wuri ɗaya ba ta bazu ba, fiye da rabin masu ita suna kaiwa shekara biyar a raye, da yawa an yanke ɓangaren huhun an rabu da ita. Idan ta riga ta kai ƙashi ko hanta ko ƙwaƙwalwa, ba a samun ko ɗaya cikin goma. Huhu kuwa ba ya jin zafi a cikinsa, shi ya sa ƙari ke girma shiru. A duniya ita ce kansar da ta fi kisa, a 2022 ta kashe mutum wajen miliyan 1.8.

Ga abin da nake so ki yi cikin makon nan, ba bayan Sallah ba, ba sai an biya shi kuɗin aiki ba. Ki kai shi asibitin gwamnati mafi kusa, a gwada majinarsa da na'urar GeneXpert, wadda ke gano tibi cikin 'yan awoyi, a kuma ɗauki hoton ƙirji. Ki gaya wa likita da bakinki yawan sigarin da ya sha da shekarun da ya yi yana sha. Na faɗi haka ne don na san dattawanmu: in aka tambayi Alhaji yana shan sigari, zai ce a'a, kuma bai yi ƙarya ba tunda ya bari, ga kunyar a tono tsohon zance gaban 'yarsa. In kin ga zai ji nauyi, ki faɗa wa likitan a gefe kafin a shigo da shi. In gwaji ya nuna tibi ne, alhamdulillahi, maganinsa kyauta ne, wata shida, ana warkewa. Amma a riƙa auna nauyinsa, in wata biyu ya wuce babu sauƙi ku koma, domin ana iya samun tibi da kansa a huhu guda. In kuma ba a ga tibi ba, kada ku yarda a ce a gwada magani a gani ba tare da an tura ku wurin likitan ƙirji a Jii ba. Ko hoton ƙirji ya fito fes, in tarin bai tsaya ba ku nemi CT, domin hoton yau da kullum kan tsallake kusan ɗaya cikin biyar na masu kansar huhu. CT da tsada, na sani, gara ku fara magana da yayanki da sauran dangi tun yanzu. Kuma ko CT bai isa a ce kansa ce ba, sai an gutsuro ɗan nama, ta siririn bututu mai kyamara da ake zurawa ta hanci ko baki, ko ta allura, an duba shi a ɗakin gwaji. Idan ta kai ga magani, akwai sashen kansa da gashin haske a Jii da Korle Bu, akwai kuma cibiyar tiyatar zuciya da ƙirji a Korle Bu da Farfesa Frimpong-Boateng ya kafa, can Ankara kamar yadda tsofaffinmu ke kiran Accra.

Ki yi hattara da masu "cekin kwamfuta" da ke kafa rumfa a bakin kasuwa ko harabar masallaci, a ba ka wani ƙarfe ka riƙe, cikin minti biyu takarda ta fito da cututtuka goma sha, maganin kowanne kuma yana nan kan tebur a kwalba. Tunda bidiyon hurawa ya fara yawo, ba zan yi mamaki ba in gobe an ga mai bututu a cikinsu. Abin da nake tsoro ba kuɗin da za su karɓa ba ne, takardar da za ta ce huhun Baba lafiya lau ita ce abin tsoro, domin da ita zai kare kansa duk ranar da kuka ambaci asibiti.

Barin sigarin da ya yi ba a banza ba ne, ki gaya masa haka don ya ji ƙarfi. Wanda ya shekara goma da bari, haɗarin mutuwarsa daga kansar huhu kan sauko zuwa kusan rabin na wanda ya ci gaba. Sai dai ba ya komawa kamar na wanda bai taɓa sha ba, kuma aikinsa ya ƙara masa wani kaya. Hukumar binciken kansa ta duniya ta sa hayaƙin injin gas cikin abubuwan da aka tabbatar suna kawo kansar huhu tun 2012, ta ƙara da hayaƙin walda a 2017. Wanda ya san Magazine ya san ana tayar da injin babbar mota a cikin rumfa, yara na tsaye a bayan salansa. Haka masu fasa dutse da masu haƙar zinariya da ke shaƙar ƙura, haka iyayenmu mata masu waake da koko da suka shekara talatin a kan murhun itace cikin rufaffen ɗakin girki. Na ga kansar huhu a jikin Hajiyar da ba ta taɓa riƙe karan sigari ba. Samarin da suka koma shisha suna cewa ruwa na tace hayaƙin kuwa, ruwan sanyaya shi kawai yake yi, har ya fi daɗin zuƙa zuwa can ƙasa.

Game da ƙin asibitin da yake yi, kada ki tunkare shi da kalmar kansa, ba mu ma san ko ita ce ba. Ki ce masa za a gwada majina ne saboda jikokin da ke kwana ɗakinsa, tunda in tibi ne yana iya shafarsu, kuma wannan gaskiya ce. Gwajin farkon nan biyu babu allura a cikinsu, tofa majina ne a ɗan gwangwani da tsayawa gaban na'ura. In maganarki ba ta shige shi ba, ki nemi amininsa na masallaci ko limamin unguwa ya raka shi, dattijo ya fi jin kunyar sa'ansa. Ranar zuwa ku tafi da sassafe, ku ɗauki katin inshorarsa da duk magungunan da yake sha, har na kemis da jiƙe-jiƙen gida, da duk wani tsohon hoton ƙirji da ya taɓa ɗauka ko na shekara goma ne, domin likita zai so ya jera su ya ga abin da ya canza. In kuma kafin ranar ya tofar da jini, ko numfashi ya gagare shi, ko fuskarsa da wuyansa suka kumbura, kada ku jira gari ya waye, ku nufi sashen gaggawa.